Jim Reeves: Mawaƙin da Ya Sassauta Murya



Jawabinmu na yau a kan Jim Reeves ne, mawaƙin kantiri, wato waƙar mutanen karkarar Amurka, wanda faya-fayensa suka shiga gidaje masu yawa a Nijeriya. An haife shi a Jihar Texas cikin 1923. Da fari wasan ƙwallon besbol ya sa gaba, amma rauni a ƙafa ya raba shi da fili, sai ya kama aikin sanarwa a gidan rediyo. A nan ne ya laƙanci halin makirufo.

Faifansa "Mexican Joe" ya yi kasuwa a 1953, lokacin yana ɗaga murya kamar sauran takwarorinsa. Ya shiga kamfanin RCA a 1955. Da aka zo ɗaukar "Four Walls" a 1957, sai ya matso dab da makirufo, ya sassauta murya kamar mai raɗa, Chet Atkins mai kula da ɗaukar faifan kuwa ya mara masa baya. Wannan taushin murya shi ya tsallakar da "He'll Have to Go" ƙasashen ƙetare.

Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1964, sa'ad da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Nashville. Duk da haka, waƙarsa "Distant Drums" ta zo ta ɗaya a Ingila a 1966.

Mu da muke shirin kama aiki, mu lura: aikin rediyon da lalura ta kai shi, shi ya koya masa dabarar da ta ɗaukaka shi. Kada mu raina kujerar da aka fara ba mu.