Manhajar Waƙafi da Faifan Biki

A nan Diffa, matasan da ke haɗa bidiyon biki da na girbin tattasai a bakin Komadugu sun rungumi Kdenlive da Shotcut, kasancewarsu manhajoji da ma'abota ilimi suka bayar tamkar waƙafi, kowa na da izinin duba asalin rubutunsu ya gyara. Sai dai kuma, idan tsohuwar kwamfuta ta gamu da hoton wayar zamani cikin zafin Afirilu, sau da yawa manhajar kan rufe kanta ana tsakiyar aiki, ko murya ta saɓa wa leɓe, alhali masu gyaran aibin galibinsu 'yan sa-kai ne a nesa. Ita kuwa uwar amarya, faifanta kawai take jira.