Wa Muka Ba Amanar Wayoyinmu? Jawabi Ga Matasan Soshiyal Midiya Na Tsaginmu

An ba ni minti goma in yi magana a kan VPN, domin tun da rikicin shugabanci ya taso a jam'iyya, kullum sai wani ya turo a zaure cewa kowa ya sauke VPN kada a bibiye mu.

Yawancinmu mun san wannan abu ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Muka shiga Play Store, wanda ya fara fitowa shi muka danna, in dai kyauta ne. Na san akwai waɗanda har yanzu yana cikin wayarsu a ɗakin nan.

To me yake yi? Idan ba ka da shi, kamfanin layinka yana ganin shafukan da kake shiga. Idan ka kunna shi, sai a ɗauke wannan gani daga kamfanin layi a miƙa wa mai VPN ɗin. Shi ke nan fa. Yanzu shi ya san daga ina ka hau, ƙarfe nawa, kuma ina ka nufa. Kamfanin layinka ko ba komai ka san ofishinsa. Wannan kuwa ka san ƙasar da yake?

Ku duba abin da ya faru da Onavo. Facebook ya saye shi a 2013, ana tallata shi a matsayin mai kare bayanan mutane, alhali da shi kamfanin yake leƙen manhajojin da jama'a suka fi amfani da su. A 2018 aka cire shi daga shagon Apple, a 2019 aka rufe shi. A 2020 kuma masu bincike suka gano rumbun bayanan wasu VPN na kyauta guda 7 na Hong Kong, ciki har da UFO VPN, a buɗe a intanet babu ko kalmar sirri. Dukkansu sun ce ba sa ajiye bayanan kowa. Sai ga adireshin imel, da lambobin intanet na wayoyi, da bayanan shige da fice na masu amfani da su a fili. Wannan ai ba wa kura ajiyar nama ne.

Wani zai ce to a sayi na kuɗi. Ya fi, ban musa ba, don mai karɓar kuɗinka yana da abin da zai rasa. Amma a 2017 PureVPN, wanda ake biya, kuma ya yi alƙawarin ba ya ajiye tarihi, ya miƙa wa hukumar FBI ta Amurka bayanan da suka taimaka aka kama wani mai muzguna wa wata mata ta intanet. Ba kare shi nake ba, ya cancanci kamun. Tambayata ita ce, abin da aka ce ba a ajiye ba, daga ina ya fito? Akwai dai masu cika alƙawari. A watan Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin Mullvad da takardar bincike, suka fita hannu rabbana, saboda babu abin da aka ajiye.

Yanzu ga inda ya fi damuna. Ka kunna VPN, sannan ka shiga Facebook da sunanka da hotonka, da lambar wayar da ke haɗe da NIN ɗinka, ka rubuta zagi, kana jin ka ɓuya. Haba ɗan uwa! Ni da idona na ga hoton hirar wani zaurenmu yana yawo a hannun ɗaya ɓangaren, kuma ba wani ƙwararren kwamfuta ya sato shi ba, wanda ke cikin zauren ne ya ɗauka ya tura. Babu VPN ɗin da ke maganin wannan.

Don haka roƙona ga shugabanni, duk mai riƙe da shafin tsaginmu ya goge VPN ɗin da bai san mai shi ba, yau kafin mu tashi. Idan aiki ya buƙaci a yi amfani da shi, kwamiti ya zaɓi guda ɗaya wanda masu bincike na waje suka tantance, a biya daga asusu. Jerin sunayen wakilanmu da lambobinsu kada a sake tura shi a babban zaure. Sakatare, don Allah a tace mambobin zaurukan nan uku kafin zama na gaba.