Daga Zangon Kumasi Zuwa Gindin Dutse: Ranar Farko a Kurmi

Yau zancenmu daga Zangon Kumasi yake fitowa, kuma a kan yini ɗaya tak za mu tsaya, wato ranar da ayari ya ɗaga ya shiga kurmi.

Kai da ka saba hawa mota a Kumasi ka nufi arewa ta hanyar Mampong, ka san garuruwan: Tafo, Pankrono, Ahwiaa, Ntonso, Agona, Jamasi, sannan hawan dutsen nan mai kwana-kwana kafin a shiga Mampong. Tafiyar ba ta kai kilomita 60 ba. To wannan hanyar, da ƙafa kakanninmu suka bi ta, da goro a ka.

Ba tun fil azal Bahaushe ke sayen goro a Kumasi ba. A yawancin ƙarni na 19 Tonawa ba sa barin fatake su kutsa cikin kurmi. Su ne ke kai goron Salaga, can ƙasar Gwanja, a yi ciniki a can. Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan arewa ya karye. Yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, mutanenta suka bazu Kete-Krachi da sauran kasuwanni. Sai bayan da Turawa suka kama Sarki Prempeh a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Zangon Kumasi ya cika ya batse. Daga nan ne falken Kano ko na Katsina, mutumin fili da rairayi, ya tsinci kansa yana tada kaya daga tsakiyar kurmi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, madugu mai hankali ba ya neman nisa a ranar farko. Gwaji yake yi. A ranar ce ake gane huhun da ba a ɗaure daidai ba, da ɗan dakon da gammonsa ya yi ƙanƙanta, da wanda ya ɓoye ciwon ƙafa don kada a bar shi. Idan zangon farko yana kusa, wanda ya manta abu zai koma ya ɗauko, wanda ya kasa a musanya shi, mai bin bashi ma ya cim ma ayari a sasanta kafin a yi nisa. In kuwa aka zura tun ranar farko, duk waɗannan sai su tashi a gindin dutse, inda ba gaba ba baya.

Kuma kurmi ba daji ba ne irin namu. A arewa kana hango jagaba daga nesa, kana hango ƙurar na baya. A kurmi hanya siririya ce, mutum ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu uku na hanya sun isa su raba ka da na gabanka. Saboda haka ayari yakan miƙe ya yi tsawo, na gaba ya sauke kaya na baya bai ƙetare rafi ba. Duhu na saurin shiga ƙarƙashin itatuwa, tun ana ganin rana a sama. Jar ƙasar nan in ta sha ruwa santsi gare ta kamar sabulu, ga saiwoyi a gicciye. Ruwan kuma ba irin wanda ka sani ba ne: Kumasi na samun kusan milimita 1,400 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Maradi ke samu, kuma damina biyu ce, ta farko daga wajen Maris zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya lissafa tafiyarsa da kalandar gida ya sha duka.

Jaki fa? Jaki ba ya ƙarko a nan, tsando ke cinye shi. Shi ya sa kaya a kan mutum suke fita daga kurmi, sai an haye dutse an doshi Ejura da Atebubu, inda itatuwa suka fara sarari, sannan dabba ke da amfani. Goron kansa yana da nasa sharaɗi. Yana son laima amma ba ya son jiƙewa, ba ya son iska ta buge shi. A zango sai an kwance huhu lokaci-lokaci, a sake ganye, a tsince mai sankara, don ƙwaya ɗaya na iya ɓata ƙwarya guda. Ka tuna kayan nan watanni za su yi a hanya kafin su ga Kano.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya fara bin teku zuwa Ikko, daga baya lori ta gaje hanyar arewa. Ayarin goro ya ƙare. Amma tafiyar ƙafa a kurmi ba ta ƙare ba, hannu kawai ta sauya. Yau ku makiyaya ne ke yin ta, kuna gangarowa da shanu wajen Agogo da tsaunukan Kwahu da filayen Afram. Gare ku ranar farko ta fi ta falke nauyi, domin huhun goro ba ya cin gonar kowa.

Gonar kurmi ba ta da shinge, kuma sau da yawa ba ta kama da gona a idon baƙo. Za ka ga ciyayi da itatuwa a cakuɗe ka ce daji ne, alhali koko ne ƙanana a inuwar ayaba, da rogo da gwaza a ƙasa. Itacen koko sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya ba da 'ya'ya. Saniyar da ta karya shi da hantsi, aikin shekaru ta karya, kuma mai gonar ba zai karɓi "ban sani ba" a matsayin diyya ba. Rikicin Agogo da kuka sani, wanda ya kai kotu a Kumasi ta ba da umarnin fitar da shanu a 2012, ya ci rayuka ta kowane ɓangare. A ganina, yawancin irin wannan wuta ranar shigowa ake kunna ta.

Don haka kada garke ya riga ƙafarka shiga. Ka aika mutum biyu su bi hanyar tun jiya, su san ina rafi yake, ina gona ta fara. Ka je ka gai da sarkin ƙauye, Nana ake ce musu, da wanda ke jin Twi, Sarkin Zango ko Sarkin Fulanin wurin zai haɗa ka da shi. Ka tambayi ranakun da ba a shiga daji ko taɓa wani rafi. A wurin Tonawa Alhamis ranar hutun ƙasa ce, kuma akwai kurmin da suke tsarkakewa, ba a sara ba a kiwo. Ba addininka ba ne, na sani, amma ƙasarsu ce. A duba shanu a yi musu rigakafin sammore kafin a shiga, ba bayan sun fara ramewa ba. Takardar ƙetare iyaka da dabbobi da ECOWAS ta tsara a 1998 ta kasance a jikinka; tun da Nijar da Burkina Faso da Mali suka fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ka bi ta ofishin likitan dabbobi na kan iyaka ka ji abin da ake nema yanzu kafin ka ɗaga.

Sannan a sauka da wuri, kafin la'asar ta yi sanyi. A ƙirga mutane, a ƙirga shanu. A duba ƙasa kafin a shimfiɗa tabarma, domin ƙwarƙwasar kurmi in ta yi layi ta bi ta kan mai barci, ko maraƙi a turke ba ta bari. A nemi busasshen itace tun da haske, wanda ke ƙasa duk jiƙaƙƙe ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu haye dutsen Mampong mu sauka Ejura, mu ji yadda ake cinikin shanu da masara a kasuwarta. A huta lafiya.