Zaɓen Taya ga Motar da Ta Daɗe a Ajiye

A ƙauyukan da ke kewaye da Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun, inda rairayi ke riƙe ƙafar mota, akori-kurar da ta shekara a ajiye ba ta komawa aiki da canjin batir kaɗai, domin fetur ya lalace a tanki, baƙin mai na buƙatar canji, rana kuma ta tsattsage tayoyi. Wajen sayen taya, musamman ta gwanjo, wajibi ne a duba lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke gefenta, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, tana iya fashewa ƙarƙashin lodin riɗi.