MARAYU A ƘOFARMU
Jawabin da aka yi ran bukin Jubili



Waɗanda suka riga mu magana sun lissafta majami'u da makarantu na shekaru hamsin ɗin nan. Mu kuwa labarin tafiya guda za mu ba ku.

Muna da wani aboki a Zangon Sokode, tare muka yi wasan ƙasa, tare muka ɗauki allo. Ran da aka yi mana baftisma ya daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da mu, shekara da shekaru sai gaisuwa daga nesa. Da yawa cikinku kun san wannan ciwo. Bara, bayan kaka, ya iske mu a tasha muna ɗaura buhun masara biyu a mota. Ya ce, "Malam, yaushe ka zama falke?" Muka ce na marayu ne a Langabu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ku jira ni." Ya komo da sabulu da garwar manja, ya shiga mota tare da mu. Sai muka tuna shi ma yana goye uwarsa ta rasu.

Langabu tana bakin babbar hanyar da ta taso daga Lome zuwa arewa, kudu da Sokode, in an wuce Sotubuwa da Bilita. Can wata gwauruwa ta ekklesiyarmu ta ke riƙon yara goma sha bakwai cikin ɗaki uku, rufin ɗaya kuwa yana yoyo. Muka tambaye ta yadda su ke yi in rumbu ya ƙare da damina. Ta ce, "Baba, manyan su kan ce sun ƙoshi domin ƙanana su ci." Abokinmu ya juya fuska, ya daɗe yana duban bango. Da dare aka kawo tuwo, ya wanke hannu, muka ci cikin ƙwarya ɗaya.

Akwai wani yaro a gidan wanda kakarsa ta gudo da shi daga arewa. Kun sani a watan Mayu na 2022 'yan bindiga sun kashe soja takwas a Kpekpakandi, a watan Yuni kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, mutane da yawa suka bar ƙauyukansu. Saboda yaron nan abokinmu ya ce mu wuce Dapango mu gani da idonmu. Muka bi ta Bafilo da Kara da Mango, ƙasar da kakanninmu fatake suka ratsa suna zuwa Gwanja sayen goro. A Dapango akwai aikin da Sista Marie Stella ta kafa a 1999 domin masu ciwon sida da marayunsu. Ita 'yar Katolika ce, ba ɗarikarmu ɗaya ba, amma aikinta ya ba mu kunya, gama ba ta jira sai ta yi arziki kafin ta soma ba.

Wannan ba sabon aiki ba ne a cikin Mishan. An kafa Sudan United Mission a 1904, a 1909 kuwa ta buɗe gida a Rumasha, kusa da Binuwai, domin yaran da aka 'yanta daga bauta, aka sa masa sunan Lucy, matar Dokta Kumm, wadda ta rasu a 1906. A Ingila kuma George Müller ya soma riƙon marayu a Bristol a 1836, kafin mutuwarsa a 1898 ya riƙi fiye da 10,000, bai kuwa roƙi mutum kuɗi ba, sai Allah kaɗai. Bangaskiyarmu ba ta kai tasa ba, don haka za mu faɗa muku a fili.

Ku karanta Littafin Firistoci sura 25. Shekara ta hamsin ita ce lokacin da kowa ya ke komawa wurin danginsa. To, maraya fa, wurin wa zai koma in ba mu ba? Mu da danginmu suka ƙi mu saboda Sunan nan, mun fi kowa sanin zaman rashin uba. Ku duba kuma Wasiƙar Yakubu sura 1 aya 27, za ku ga ziyara aka umarce mu, aike kaɗai bai isa ba.

Abu uku mu ke roƙo. Kowane gida ya keɓe mudu ɗaya cikin kowane buhu da kaka. Kowace ekklesiya ta aiki mutum biyu su kwana a Langabu sau ɗaya a shekara, su san yaran da sunayensu. Na uku, a rufe ɗakin nan kafin ruwan fari. Abokinmu ya riga ya sayi kwano bandir ɗaya, saura katako da ƙusa da masassaƙi. Har yanzu yana kan addininsa, muna kuwa yi masa addu'a kullum. Kada a ce wanda bai amsa sunan Almasihu ba ya fi mu jinƙan marayun Almasihu.

Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a. Uban marayu shi ba mu zuciya irin tasa. Amin.