Kwaɗon Jaluta: Tarihin Sunansa da Ƙasar da Yake Zaune



Kwaɗon da zan yi magana a kansa ya fi kowane kwaɗo girma a duniya, don tsawon jikinsa yakan kai santimita 32, nauyinsa kuma ya zarce kilo 3. Bududdugin fadamunmu ɗan yaye ne a gabansa.

Tun daga littafin Linnaeus na 1758 masana suke ba kowace dabba suna biyu da Latinanci, na farko na dangi, na biyu nata na kanta. A 1906 George Boulenger, masani a gidan tarihi na Landan, ya duba samfurin da aka aiko masa daga kudancin Kamaru, ya raɗa masa suna Rana goliath. Rana kwaɗo ke nan da Latinanci, Goliath kuwa shi ne Jaluta, ƙaton nan da Annabi Dawuda ya kashe. Wannan rabin sunan bai taɓa sakewa ba. Na dangin ne ya yi ta yawo, gama a zamanin nan Rana tamkar rumbu ne da ake zuba kwaɗi iri iri a ciki. A 1922 Noble na Amurka ya ware masa dangi shi kaɗai, watau Gigantorana, amma da aka ƙara bincike sai aka tabbatar ɗan'uwan Conraua ne, dangin da Fritz Nieden ya kafa a 1908. Saboda haka yau sunansa Conraua goliath. Shi Conrau ɗin, Gustav Conrau, Bajamushe ne ɗan kasuwa mai ɗibar lebura, wanda ya mutu a ƙasar Bangwa a 1899. A ganina bai cancanci wannan girmamawa ba, sai dai ƙa'idar masana ba ta yarda a soke suna don halin mai shi.

To, duk girman nan nasa, ƙasarsa 'yar ƙarama ce: kudu maso yammacin Kamaru da ɓangaren tudu na Ikwatoriyal Gini kawai. A nan ma sai a koguna masu gudu da ƙarfi bisa duwatsu cikin kurmi, domin 'ya'yansa na cin wani tsiro ne da ke manne wa duwatsun gangara. Mafarauta na kama shi don nama, ana sare kurmin, shi ya sa tun 2004 aka lissafta shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.