Daga Dako Zuwa Wakafi: Rayuwar Sulaiman Al-Rajhi

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan dukiya da abin da mai ita yake yi da ita. Na ga ya fi kyau in kawo muku tarihin mutum ɗaya, wato Shaihu Sulaiman bin Abdul'aziz Al-Rajhi na ƙasar Saudiyya, mai banki kuma mai zuba jari, wanda ya tara dukiya mai yawa, sannan ya sake ta da hannunsa tun yana da rai da lafiya.

An haife shi wajen shekarar 1929 a garin Bukairiyya, cikin lardin Ƙasim. A lokacin man fetur bai ɓullo a ƙasar ba, talauci kuwa ya yi katutu. Iyalinsu suka koma Riyad yana yaro. Bai yi nisa a makaranta ba. Tun yana ɗan shekara tara ya shiga kasuwa yana dako, ya yi shara, ya yi aikin kuku. Daga baya ya koma wurin wansa Salih, wanda yake sana'ar canjin kuɗi. A nan ne ya gane kan kuɗi, musamman ta wajen hulɗa da alhazai masu zuwa daga ƙasashe daban-daban, kowa da irin kuɗin ƙasarsa.

A shekarar 1957 aka kafa harsashin kasuwancin gidansu. Su huɗu ne 'yan'uwan: Salih da Sulaiman da Abdullahi da Muhammad. A 1978 suka haɗa harkokinsu cikin kamfani guda na ciniki da canji. A 1988 kamfanin ya zama cikakken banki na ajiya da zuba jari, sai kuma a 2006 aka taƙaita sunansa zuwa Bankin Al-Rajhi. Abin da ya bambanta shi shi ne ba ya ba da bashi da ruwa. Misali, in kana son mota, banki zai saye ta, ya sayar maka da riba sananniya wadda kuka shirya tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wannan shi ake kira murabaha. Da wannan hanya bankin ya shiga sahun gaba cikin bankunan Musulunci na duniya, har ya buɗe rassa a Kuwait da Jodan da Malesiya. Bayan banki, Sulaiman ya zuba jari a noma. Shi ya kafa gonar kaji ta Al-Wataniyya a Ƙasim, da gonar kiwon jatan lande a Al-Lis, bakin Bahar Maliya.

To, jama'a, ga inda labarin ya juya. A shekarar 2011 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarsa a kan dala biliyan 7.7. A cikin shekarar nan aka ji labarin ya raba wa iyalinsa kasonsu, sauran kuma, wanda ya haɗa da hannun jarinsa na banki da gonaki, ya mai da shi wakafi. A 2012 aka ba shi Kyautar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci.

Wani zai ce, me ya sa bai bari sai bayan ransa ba? Dalili na farko yana cikin shari'a. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Wanda yake son ya bayar da fiye da haka, dole ya bayar yana da lafiyarsa da hankalinsa. Dalili na biyu kuwa duk mun san shi. Gidaje nawa ne na masu arziki suka watse wajen rabon gado? Uba ya kwanta dama, kafin a yi sadakar arba'in 'ya'ya sun fara zaryar kotu, kamfani ya mutu, ma'aikata su rasa abinci. Shi ya raba da kansa, kowa ya ga nasa a gaban idonsa.

Me ya sa kuma ya zaɓi wakafi maimakon ya raba kuɗin a hannu? A nan ne basirar mai banki ta fito. Zakka kashi biyu da rabi ce cikin ɗari, a fitar a raba, ta ƙare. Sadakar hannu ma haka, wanda ya ci yau gobe zai dawo. Wakafi kuwa ana tsare uwar dukiya ne, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta. Ribarta kawai ake ci. Wato an ɗaure saniya ana shan nononta. Cikin ayyukan da suka fito daga hannunsa akwai babban masallacinsa na Riyad, da jami'ar da ke ɗauke da sunansa a mahaifarsa Bukairiyya, inda ake koyar da aikin likita. Yaron da bai samu zama a aji ba, ga shi ya gina wa 'ya'yan wasu azuzuwa.

Sai dai kada mu ɗauka da an rubuta takardar wakafi an gama. Wakafi yana tsayawa ne da amanar masu kula da shi. In babu lissafi a rubuce, babu mai binciken littattafai, babu ƙa'idar wanda zai gaji kujerar wani, to sunan ne kawai zai saura. Mu da muke aikin ofis mun san yadda fayil yake ɓata idan mai shi ya bar gari.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ba kowa ne zai mallaki banki ba. Amma a cikinmu akwai mai shago, akwai mai gona, akwai mai gidan haya. Tambayar da Al-Rajhi ya amsa tana jiran kowannenmu: abin da ke hannunka, wa zai amfana da shi in ba ka nan, kuma ka rubuta ko ba ka rubuta ba? Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.